Babu ruwa, in ka biya kan lokaci

Kwamfutar da nake buga wannan rubutu da ita, bashi aka ciyo aka saya mini. Na yi sama da shekara guda ina aiki da ita ban sani ba. Ranar da na sani, na rufe ta na cusa cikin jaka, na kwana uku ban taɓa ta ba. Daga baya na ga fushi da ƙarfe ba ya rage komi, sai na buɗe ta na fara bin tambayar da ta hana ni barci. Tambayar ita ce: mutumin da ya faɗa maka maganar da kowace kalma a cikinta gaskiya ce, alhali ya san ba haka za ka ji ta ba, kuma cinsa yana cikin wannan kuskuren jin naka, ya yaudare ka ko bai yaudare ka ba?

Bari in fara ba ku labarin, ƴan uwa, don kada mu yi ta gardama a kan iska.

Yayana yana New York, a unguwar Bronx, yau shekara takwas. Tuƙin mota yake yi dare da rana, kuma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidanmu a nan Maradi. A 2022 ina shekara ta biyu a jami'a, kullum ina hanyar siber don buga aikin aji, in biya kuɗin awa, in biya na takarda. Na roƙe shi kwamfuta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk lokacin da ya kira Inna sai na karɓi wayar na gaishe shi, na ƙare da cewa, “Yaya, maganar ordinatar ɗin nan fa, in da hali.” A ƙarshen watan Nuwamba akwai wata Juma'a da manyan kantunan Amurka ke karya farashi, mutane su yi ta rububi. Ran nan ya shiga wani babban kantin kayan lantarki ya ɗauki kwamfuta, ya haɗa da waya ga Inna. Kuɗin duka ya kama dala 1,200. Duk inda na ce dala a nan, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. A lokacin dalarsu ɗaya ta wuce tamma 600.

Ba shi da kuɗin a hannu. Matar da ke karɓar kuɗi ta ce masa ai da sauƙi, ya buɗe katin bashi na kantin yanzu-yanzu, babu ruwa in ya biya duka cikin wata 12. Yaya mutum ne mai gudun riba. Yana da ɗan ƙaramin kati guda da yake biya tas duk ƙarshen wata don kada ruwa ya hau. Ya ce mini abin da kunnensa ya kama a wurin shi ne “babu ruwa” da “wata 12”. Ya sa hannu, ya ɗauki kayansa, ya ba wani mai zuwa Yamai ya taho mana da su.

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda na gane bayan na zauna da hotunan takardun da ya turo mini. Sunan kanti ne a jikin katin, amma banki ne ke bayansa: banki ya biya kanti, kai kuma banki ke binka. Ruwan katunan kanti yana cikin mafi tsada a Amurka; nasa ya kusa 30 cikin 100 a shekara. A cikin watannin nan 12 ba a yafe ruwan ba. Ana lissafa shi tun daga ranar saye, a kan abin da ya rage ana binka, ana tarawa a gefe guda. In ka biya duka kafin wa'adi, sai a goge abin da aka tara kamar ba a taɓa rubuta shi ba. In ko dala ɗaya ta rage, sai a kwaso ruwan shekarar gaba ɗaya a aza maka rana guda. Wato ruwan yana nan kwance a bayan madatsa, ranar wa'adi kawai yake jira.

Akwai kuma wani abu na biyu. Kowane wata takarda tana zuwa da adadin da aka ce shi ne mafi ƙarancin abin da za ka biya. Wanda ya biya wannan ba a ce ya makara, ba a ci shi tara. Amma ba a auna adadin don ya ƙarar da bashin cikin wa'adi ba. A ce dala 30 ne: sau 12 ya zama 360, ko kashi ɗaya cikin uku na bashin bai kai ba. Mutum zai iya biyan abin da takarda ta nema kowane wata, bai fasa ko sau ɗaya ba, ya wayi gari madatsar ta ɓalle a kansa.

Yaya ba wawa ba ne. Ya raba 1,200 gida 12, ya riƙa biyan dala 100 duk wata. Wata takwas bai fasa ba. Sai daminar 2023 ta zo. Kowa a nan ya tuna da ita: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa aka rufe iyakoki, hanyar Dan Issa zuwa Jibiya ta tsaya, Najeriya ta yanke mana kuran, farashin shinkafa da na magani ya tashi. Cikin wannan hali zazzaɓin sauro ya kayar da Inna, aka kwantar da ita, aka yi ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini. Ni na kira shi. A Agusta da Satumba ya turo mana duk abin da ya samu, ya ba banki dala 30 kawai a kowane wata, abin da takarda ta nema ke nan. A Oktoba da Nuwamba ya koma biyan ɗari-ɗari. Ranar da wa'adi ya cika, saura dala 140. A tunaninsa, in ma ruwa zai hau, a kan 140 ɗin nan zai hau, ƴan daloli, ya biya a Disamba ya yi istigfari. Takardar Disamba ta zo da ruwan dala 200 da ɗoriya, abin da ya kai jika 120 a kuɗinmu. Bashin 140 ya koma kusan 350.

Bai faɗa wa kowa ba. A Janairu ne maganar ta suɓuce masa muna hira.

Na ce, “Yaya, to mi ya hana ka faɗa muna?”

Ya ce, “In faɗa ma ka yi mi? Inna na kwance. Kai dai yi karatunka.” Sai ya yi dariya ya ce, “Ni da na tahi neman bashin da babu ruwa, ga shi na sha ruwa na ƙoshi.”

Ni ban yi dariya ba. Da dare na kai maganar fadarmu, ana dafa shayi. Abokina mai karatun doka bai bari na rufe baki ba.

“Ya sa hannu ko bai sa ba? Takarda ta ce in ka biya duka. Bai biya duka ba. To ina ƙaryar? Wanda bai karanta ba, kainai ya cuta.”

Wanda muke kira Ustaz ya aje kofi ya ce, “Ku bar wahal da kanku. Tun ran da ya sa hannu ya faɗa, ko da ya biya kan lokaci. Sharaɗin riba na cikin takardar, shi ke nan.”

Muka yi ta ja har aka sha shayi na uku, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Ni kuwa na tashi da maganganun biyu, kuma tun daga ran nan nake juya su.

Maganar ɗan doka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Alƙawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi zai sauke. Kuma gaskiya ne an rubuta sharaɗin. Ƙa'idar Amurka ma ta tilasta duk tallar da ta ce “babu ruwa” a irin wannan bashi ta haɗa da “in an biya duka” kusa da ita, ta kuma tilasta a rubuta ranar wa'adin a takardar wata. Dokar katin bashi da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009 ta ƙara da cewa a watanni biyun ƙarshe kafin wa'adi, duk abin da mutum ya biya sama da mafi ƙaranci, a zuba shi ga bashin mai wa'adi. To amma in ka ga an yi wa rijiya shinge, ka san an sha faɗawa cikinta. A Disamban 2013 hukumar CFPB, mai kare jama'a a hulɗarsu da bankuna, ta umarci bankin GE Capital da reshensa CareCredit su mayar da kuɗin da ya kai dala miliyan 34.1 ga mutanen da aka yi wa rajistar irin wannan kati a wurin likitoci da masu gyaran haƙori, da yawansu suna zaton bashi ne marar ruwa sam.  Ashe ba baƙunta ce kaɗai ta kayar da Yaya ba.

Inda na rabu da ɗan doka shi ne a kan ma'anar gaskiya. Shi a wurinsa, gaskiya tana cikin kalma: in kalmar ta dace da takarda, an gama. Ni kuwa ina ganin magana igiya ce mai baki biyu, ɗaya a bakin mai faɗa, ɗaya a kunnen mai ji, kuma mai faɗa yana da alhakin abin da ya san zai isa wancan gefen. Ku je babbar kasuwa lokacin tumatir. Mai kwando ya jera manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Bai ce maka komi ba, ko kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fito bakinsa ba. Ka kai gida ka zazzage ka ga abin da ka saya. In ka koma ya ce maka “ai da ka duba ƙasa, ban hana ka ba”, akwai wanda zai wanke shi a cikinmu? Babu. Sunan abin da ya yi ha'inci, kuma yaro ma ya san haka. Ke nan mun riga mun yarda cewa ana yaudara da jeri kamar yadda ake yi da baki. Tallar da ta sa “babu ruwa” da manyan baƙaƙe, ta bar bayanin madatsa cikin ƙananan baƙaƙe a shafi na uku, jerin kwando ta yi.

Ɗan doka zai ce, ai kalmar “in” a sama take, ba a ƙasan kwando ba. Haka ne. Amma “in ka biya kan lokaci” tana faɗin abin da zai faru in ka cika ne kawai. Ba ta faɗin girman abin da zai faru in ka gaza, sai ta bar hankalinka ya cike gurbin. Hankalin kowa kuwa abu ɗaya zai cike da shi: in na rage kaɗan, a kan kaɗan ɗin za a caje ni. Wannan ba wautar Yaya ba ce, domin akwai wani nau'in bashin a Amurka da haka yake aiki daidai. Ana sa ruwan sifili na gaske har zuwa wa'adi, bayan nan ruwa ya fara hawa a kan abin da ya rage kawai, daga ranar zuwa gaba. Da irin wannan Yaya ya ɗauka, ruwan watan Disamba a kan dala 140 bai wuce dala uku da rabi ba. Dala uku da rabi a can, dala 200 a nan, kuma tallar biyun kusan kalmomi ɗaya ne. A 2017 kamfanin Walmart ya bar tsarin madatsa a katinsa ya koma na sifilin gaske, kuma a shekarar CFPB ta rubuta wa wasu kamfanonin tana kwaɗaitar da su su yi haka. Wannan ya nuna mini cewa tsarin madatsa zaɓi ne. Wanda yake da hanya biyu, ya ɗauki wadda ya san an fi kuskuren fahimta, ba zai ce kuskuren ya zo masa ba zato ba.

Daga nan na samu ma'aunin da nake auna kowane bashi da shi yanzu. Ba na fara tambayar nawa ne ruwan. Ina tambaya: mai ba da bashin nan, mi yake fata ya same ni? A unguwarmu akwai mai butiki da littafinsa na bashi, sunan kowane gida da shafinsa. Ƙarshen wata addu'arsa ɗaya da ta ma'aikaci, Allah ya sa albashi ya fito. Da Inna ta kwanta, wata biyu bai buɗe mana shafinmu ba, har asibiti ya zo gaisuwa. Ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne, yana da ribarsa a kan kowace tiyar shinkafa. Amma alherinsa a ɗaure yake da namu: in mun tashi ya tashi, in mun faɗi ya yi asara. Haka uwar adashe, ba ta da abin da za ta ci in wata ta kasa zubi, sai ciwon kai. To a yarjejeniyar da Yaya ya sa wa hannu, wace rana ce mafi kyau ga banki? Ranar da ya gaza. Ban ce akwai wani mutum a ofis da ke fatan Inna ta kwanta ba. Watakila wanda ya tsara takardar mutumin kirki ne a gidansa. Kuma banki yana da wasu hanyoyin samu, kanti ma yana biyansa wani abu don ya yi wannan rangwame. Amma duk da haka an gina yarjejeniyar yadda tuntuɓen ɗaya shi ne girbin ɗaya, kuma wanda ya rage dala 140 bayan ya biya 1,060 ana hukunta shi da ruwan watannin da ya yi yana cika alƙawari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ci ko a bayar. Abin dubawa shi ne ko mai bayarwa da mai karɓa suna fatan abu ɗaya.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan wuya, kuma ban ga an cika yin ta ba. Binciken CFPB ya nuna mafi yawan masu ɗaukar irin wannan bashi suna biya kan lokaci, ba su ba da ko sisi na ruwa, kuma waɗanda suka fi faɗawa su ne masu raunin hali, waɗanda tarihin biyansu ya riga ya yi tabo. To wanda ya tsira fa? Ya yi shekara yana amfani da kuɗin banki kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani ne ya biya wannan kyautar, kuma wani ɓangare nata daga aljihun wanda ya faɗi ya fito. Ba zan zargi matar da firigonta ya mutu tsakiyar zafi, ta ɗauki sabo ta wannan hanya, ta biya kan lokaci ba. Ba ni da wannan bakin. Abin da nake roƙo kawai kada wanda ya tsira ya ce wayonsa ne kaɗai ya fisshe shi. Ya samu shekarar da ba a kira shi daga asibiti ba. Takardar tana ɗaukar watanni 12 kamar tagwaye, kowane daidai da ɗan uwansa. Watannin talaka kuwa ba ɗaya suke ba, akwai na kaka, akwai na lokacin da rumbu ya ƙare. Mai ajiya a gefe yana tsallake mugun wata bai ji ba. Wanda gida goma ke jiran kiransa, wata ɗaya ya isa ya kayar da shi.

Maganar Ustaz kuma na bi ta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashin da ke ɗauke da sharaɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai karɓa ya ƙudura zai biya kafin ruwan ya hau. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da ya tsaya mini shi ne wani abu dabam. Mafi yawan malamai sun yarda a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, muddin an yanke farashin tun farko. Da ina ganin abin da mamaki: yaya za a yarda da 1,300 a ƙi 1,200? Yanzu na gane. 1,300 ɗin da aka faɗa maka ran farko ba ya girma don uwarka ta kwanta. Ka san kayan da ka ɗauka tun kafin ka ɗora a kai. Kuma na lura aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta rubuta bashi ce, kuma gab da ita akwai wadda ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Katin kanti ya riƙe rubutun da kyau, shafi bayan shafi. Jinkirin ne babu shi a ciki.

To ga amsata ga tambayar farko. Ba su yi wa Yaya ƙarya ba, in ƙarya ita ce faɗin abin da ba haka yake ba. Amma sun yaudare shi, kuma yaudarar da aka yi da gaskiya ta fi wuyar kamawa, domin mai ita yana da takarda a hannu, wanda aka yi wa kuma yana jin kunyar kai ƙara, gani yake shi ne bai karanta ba.

Sai dai in na tsaya nan na yi wa kaina sauƙi. Yaya yana da nasa kason. Bai karanta ba, kuma da ya ga wa'adi ya matso, dala 140 ba ta gagari abokan tuƙinsa ba. Ko mutum biyu ya tambaya da sun haɗa masa, ya mayar bayan sati biyu. Kunya ta hana shi. Mutumin da kowa ke roƙo yana jin nauyin ya roƙa. Kunyar dala 140 ta ci masa 200.

Ni ma ina da nawa, kuma shi ne ya sa na cusa kwamfutar cikin jaka. Ku koma ku duba abin da nake ce masa a waya: “in da hali.” Ni ma ina da tawa “in”. Kalmar gaskiya ce, da ladabi, in an tambaye ni zan ce ai ban matsa masa ba, zaɓi na ba shi. Amma na san sarai Yaya ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa ƙanensa maraya “babu hali” ba, balle Inna na zaune kusa tana ji. Na zaɓi lokacin da nake faɗa, na zaɓi gaban wadda nake faɗa. Banki ya sa “in” mai nauyi ya nuna ta kamar marar nauyi. Ni na sa “in” wadda babu komi cikinta na nuna ta kamar sharaɗi na gaske. Ban taɓa tambayarsa nawa yake samu ba, nawa yake biyan haya, da wane kuɗi zai saya. Mu da muke da ƴan uwa a waje mun iya wannan jerin kwando ƙwarai, kuma ba mu kira shi da sunansa.

Ga duk wanda ke da ɗan uwa a can, ko wanda Allah zai kai, ga abin da Yaya ya koya da tsada. In kana iya haƙuri ka tara ka saya, shi ya fi. In ta kama dole, ka tambaya a fili kafin ka sa hannu: in na rage wani abu ranar wa'adi, a kan ragowar za a caje ni ko tun daga ranar saye? Kada ka kalli mafi ƙarancin da takarda ta nema, ba don kai aka auna shi ba. In wa'adi wata 12 ne, raba kuɗin gida goma, ka bar wata biyu don ranar da za a kira ka daga gida. Ka rubuta ranar cikar wa'adin inda kake gani kullum, domin tana iya bambanta da ranar biyan wata. Kada ka sayi wani abu dabam da katin har ka gama, don in bashi biyu suka haɗu a kati ɗaya, abin da ka biya sama da mafi ƙaranci yana iya tafiya ga sabon sayen mai ruwa, tsohon yana zaune yana jiran ranarsa. In kuma ka ga ba za ka kai ba, ka aje kunya ka ranta wurin ɗan uwa kafin ranar, ba bayanta ba. Mu kuma na gida, kafin mu roƙa, mu tambaya da wane kuɗi, kuma mu saba da jin “babu” ba tare da ɓacin rai ba.

Yaya ya biya 350 ɗin a Janairu ya yanka katin da almakashi. Ni na fito da kwamfutar daga jaka, na fara buga wa ɗaliban shekarar ƙarshe memuwar ɗinsu, ana biyana a kan shafi. Na ce masa zan mayar masa da jika 120 ɗin.

Ya ce, “Kai, bar wannan magana. Wa ya ce bashi ne?”

Na ce, “Ni na ce, Yaya.”

Ya ƙi karɓa, don haka duk abin da na tara nake kai wa farmasi da butiki, in rage masa abin da zai turo a watan. Ina rubutawa a bayan littafin darasina. Zuwa daren jiya ya kai jika 47.